Zare: Yadda gwajin lafiyar bizar Amurka ya samo asali

1/ Jama'a, duk wanda ɗan'uwansa ya nemi bizar zama a Amurka ya san sai an tura shi wajen likita kafin a buga masa biza. Jini, hoton ƙirji, allurai. Daga ina abin nan ya faro? Ku biyo ni.

2/ A 1891 majalisar Amurka ta yi dokar hana masu cuta mai yaɗuwa shiga ƙasar. Ranar 1 ga Janairu 1892 aka buɗe tashar tsibirin Ellis a bakin ruwan New York. Daga lokacin zuwa 1954, sama da mutum miliyan 12 suka bi ta nan.

3/ Babu maganar biza irin ta yau. Ka sayar da gonarka, ka hau jirgin ruwa, sai ka iso za ka san matsayinka.

4/ Likitoci na tsaye suna kallon mutane suna hawa matakala da kayansu. Wa ke haki? Wa ke ɗingishi? Cikin kamar daƙiƙa 6 an gama da kai. In an zargi wani abu, a sa alli a rubuta harafi a jikin rigarka: H zuciya, L ɗingishi, E ido, X taɓin hankali.

5/ Abin da aka fi tsoro shi ne gwajin amosanin ido, ciwon nan mai yaɗuwa da ke makantarwa. Likita zai juya fatar idonka da 'yar ƙugiyar da ake ɗaura maɓallin takalmi. In an gani, kusan shi ke nan, kamfanin jirgin da ya kawo ka ya mayar da kai.

6/ Kusan kashi 2 cikin 100 aka mayar. Kaɗan ne a lissafi, amma fa ka tuna iyali guda ne za a ce uwa ta wuce, ɗa ya koma.

7/ Kuma masu tikitin aji na ɗaya da na biyu ba sa bin wannan layin. A cikin jirgi ake ɗan duba su, su wuce. Talaka dai ya daɗe yana shan layi.

8/ Dokar 1924 ce ta juya komai. Ta ce sai ka karɓi biza a ofishin jakadanci tun kana ƙasarku. A hankali gwajin ma ya bi bizar. Shi ya sa yau a ƙasarku ake duba ka, wajen likitan da ofishin jakadancin ya amince da shi. Na unguwarku, ko farfesa ne, takardarsa ba ta aiki.

9/ Jerin cututtukan ma canzawa yake. A 1987 aka saka HIV, aka yi shekara 22 ana hana masu ita. Janairu 2010 aka cire. A 1996 kuma aka wajabta shaidar allurar rigakafi.

10/ Yau hukumar CDC ke tsara abin da za a duba: tarin fuka, tunjere, ciwon sanyi, kuturta, shaye-shaye, da taɓin hankalin da ke tare da cutar da kai ko wasu.

11/ Tarin fuka ne babba. In hoton ƙirji ya nuna alama, za a ɗauki majina a jira sakamako kamar mako 8. In akwai cutar, ka sha magani ka warke, sannan a ci gaba. Jinkiri ne, ba kora ba kamar zamanin alli.

12/ Don haka mai shiri: nemo katin rigakafinka tun yanzu, ka tafi da fasfo da takardun asibiti, kar ka ɓoye wa likita komai. Kar kuma ka yi gwajin da wuri sosai, yawanci wata 6 yake yi ya mutu, kuma wa'adin bizar na bin na gwajin.

13/ Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari a ƙasa. Allah Ya ba masu nema sa'a.