Makuba da Laso: Yadda Zariya Ta Riƙa Sabunta Fuskar Gidajenta

Kafin siminti ya shigo, bangon gida a birnin Zariya abu ne da ake kiwonsa kamar dabba. Damina ta zaizaye shi, hunturu ya tsattsaga shi, sai maigida ya kira magina su sake yaɓe tun ruwa bai sauka ba. Wanda ya yi sakaci, zankwayen soronsa ne ke fara tona masa asiri, domin su ne ruwa ke fara ci.

Talaka da makuba yake yi. Ɓawon ɗorawa ne ake dakawa a jiƙa, a kwaɓa da ƙasa, a shafe bango. Idan ya bushe sai ya yi duhu, ruwa ya riƙa zamewa a kansa. Ba ya daɗewa, dole a riƙa maimaitawa. Mai hali kuwa laso yake nema, kuma a nan abin ya fi ba ni sha'awa. Ana haɗa shi da katsi, wato laka da ke kwanciya a gindin rijiyar marina, wadda ake busarwa a ƙone, sai gashin da majema suka kankare daga fata, sai ruwan dafara mai yauƙi. Abin da marini da majemi suka zubar, shi magini ke tsincewa ya kare gidan attajiri.

A Suwidin ma haka aka yi. Jan fentin da ya shahara a gidajensu na katako daga tarkacen mahaƙar tagulla ta garin Falun ake samo launinsa, a dafa da ruwa da gari da man tsiron linin. An rufe mahaƙar a 1992, amma har yau ana yin fentin ana sayarwa.

Mu namu bai samu wannan gatan ba, duk da cewa birnin ne ya haifi aikin Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabon gini na kankare. Bakan gizonsa na ciki sun tsira, amma fuskarsa ta waje ta ɓace wa mai wucewa.

Magidanta sun bi sahu, kuma ban ga laifinsu ba: wa zai so biyan magini duk shekara? Sai dai siminti da jar ƙasa ba sa ga maciji. Yaɓen siminti yana tsagewa, ruwa ya shige ta baya ya rasa hanyar fita, tubali ya jiƙe a ɓoye, rana ɗaya ɓangaren bango ya zube da zanen dagin da ke kansa. Wanda ya so komawa ga laso a yau kuma sai ya fara neman marinar da ba ta mutu ba, domin can katsi yake.