Sankarar furostet: Ina mutum zai dosa bayan an tabbatar masa da cutar?

A kowace shekara maza kusan miliyan ɗaya da rabi ne a duniya likitoci ke shaida wa cewa sun kamu da sankarar furostet, wadda a ƙasar Hausa aka fi sani da sankarar mafitsara ta maza.

Hukumar binciken cutar sankara ta duniya, IARC, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2022 cutar ta yi ajalin mutum kusan 400,000.

A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama maza, inda hukumar ta ce an samu sabbin masu cutar fiye da 15,000 a shekara ta 2020.

Ga da yawa daga cikin waɗannan mutane, makwannin farko bayan jin sakamakon gwaji su ne mafiya tsanani. A lokacin ne ake bukatar su yanke shawara mai nauyi a kan cutar da ba su san komai game da ita ba, kuma galibi ba su faɗa wa kowa ba.

Mece ce furostet?

Furostet wata 'yar halitta ce da maza kaɗai ke da ita, girmanta kamar na ƙwayar goro. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar da fitsari ke bi, kuma aikinta shi ne samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi.

Saboda haka sunan sankarar mafitsara yana iya kawo ruɗani, domin sankarar da ke kama ita kanta mafitsarar wata cuta ce daban, maganinta ma daban.

Haka kuma ba kowane kumburin furostet ne sankara ba. Yawancin maza tana ƙara girma a jikinsu idan shekaru suka ja, har fitsari ya riƙa yi musu wuya. Irin wannan ne aka yi wa Sarki Charles na Ingila magani a kansa a watan Janairun 2024.

Ita kuwa sankarar, a farkonta sau da yawa ba ta nuna wata alama. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a ƙasashe masu tasowa akasarin masu cutar ba sa isa asibiti sai ta riga ta yi nisa.

Me ya sa maza ke yin shiru?

Cutar ta shafi wurin da ake jin nauyin ambata, maganinta kuma yana taɓa fitsari da mu'amalar aure. Magidanci kan ji tsoron kada a ce ƙarfinsa ya ƙare.

Wannan kunya ba a Afirka kaɗai take ba. A watan Disambar 2023 an yi wa sakataren tsaron Amurka na lokacin, Lloyd Austin, tiyatar wannan cuta ba tare da ya sanar da ko da shugaban ƙasarsa ba. Daga baya ya nemi afuwa a bainar jama'a, ya ce labarin ya girgiza shi, kuma abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ya ɓoye.

Wasu fitattun mutane kuwa sun zaɓi su bayyana. An gano cutar a jikin Akbishop Desmond Tutu na Afirka ta Kudu a 1997, ya kuma rayu har zuwa 2021. An yi wa Nelson Mandela magani a 2001, Farfesa Wole Soyinka na Najeriya shi ma ya shaida wa manema labarai a 2014 cewa ya yi jinyarta.

Me ya kamata mai cutar ya fara sani?

Kafin labarin wani ya amfane shi, wajibi ne mutum ya san matsayin tasa cutar. Abubuwa uku ne likitoci ke dubawa, kuma haƙƙinsa ne a faɗa masa su, ya rubuta su.

Na farko shi ne sakamakon gwajin jini na PSA, wato wani sinadari da furostet ke fitarwa. Hawansa kaɗai ba ya tabbatar da sankara, domin kumburi ko shigar ƙwayoyin cuta ma kan ɗaga shi. Ana tabbatarwa ne bayan an ciro ɗan nama da allura an duba a ɗakin gwaji.

Na biyu shi ne makin Gleason, wanda wani likitan Amurka, Donald Gleason, ya ƙirƙiro a shekarun 1960. Yana nuna zafin cutar. Maki 6 na nufin mai tafiyar hawainiya ce, 7 matsakaiciya, 8 zuwa 10 kuwa mai saurin yaɗuwa.

Na uku shi ne matakin da ta kai: ko tana nan cikin furostet, ko ta leƙa gefenta, ko kuma ta bazu zuwa wasu sassan jiki, musamman ƙashi.

Bambancin yana da girma. A Amurka kusan dukkan waɗanda aka gano cutarsu kafin ta bazu suna raye bayan shekara biyar, amma idan ta kai sassa masu nisa adadin bai kai kashi 40 cikin 100 ba.

Akwai lokacin yin shawara?

Idan cutar ba ta fita daga furostet ba, a mafi yawan lokuta akwai.

Wani babban bincike mai suna ProtecT da aka yi a Birtaniya ya bi diddigin maza 1,643, waɗanda aka kasa gida uku: wasu aka yi musu tiyata, wasu aka yi musu gashi da hasken na'ura, sauran kuma aka sa musu ido ana gwada su lokaci-lokaci.

Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa bayan shekara 15 kimanin kashi 97 cikin 100 ba su mutu da cutar ba, ko da wace hanya aka bi. Sai dai ta fi bazuwa a jikin waɗanda aka sa wa ido kawai, inda adadin ya ninka na sauran kusan sau biyu.

Ma'anar wannan ita ce, wanda aka gano tasa da wuri yana da damar ɗaukar 'yan makwanni ya yi tambaya, ya nemi ra'ayin likita na biyu, ya tattauna da iyalinsa.

Amma wannan dama ba ta shafi wanda cutarsa ke da zafi ko ta riga ta bazu ba. Ciwon baya mai tsanani tare da sanyin ƙafafu, ko toshewar fitsari, alamu ne da ke bukatar asibiti nan take.

Me zai samu daga waɗanda suka riga shi?

Likita zai lissafa abubuwan da magani ke haifarwa, amma wanda ya sha maganin ne ya san yadda ake zama da su.

Bayan tiyata akan bar mutum da robar fitsari na mako ɗaya ko biyu, kuma da yawa sukan yi fama da yoyon fitsari bayan an cire ta. Ga akasarinsu abin yana sauƙi cikin watanni, musamman idan suna motsa tsokar da ke riƙe fitsari kamar yadda aka koya musu.

Raunin mazakuta ya zama ruwan dare bayan tiyata ko gashi. Wanda aka cire wa furostet ba zai ƙara fitar da maniyyi ba, don haka mai burin ƙara haihuwa ya kamata ya tayar da maganar tun kafin a fara aiki.

Idan cutar ta bazu, ginshiƙin magani shi ne rage sinadarin namiji na testosteron, wanda sankarar ke dogaro da shi wajen girma. Charles Huggins ne ya gano haka a 1941, abin da ya sa ya samu lambar yabo ta Nobel a 1966.

Ana yin hakan da allura, ko kuma da tiyatar cire 'ya'yan maraina, wadda har yanzu ake yi a ƙasashen Afirka saboda ta fi arha. Duka biyun sukan kawo kasala, da zufa mai taso wa mutum farat ɗaya, da raguwar sha'awa, da raunin ƙashi.

A irin waɗannan batutuwa, ganin mutumin da ya wuce wannan mataki, ya koma kasuwarsa ko ofishinsa, yana kwantar da hankali fiye da dogon bayani.

Ina ake samun irin waɗannan mutane?

A ƙasashen Yamma an daɗe da kafa ƙungiyoyi domin haka. A 1990 wasu maza biyar masu cutar a birnin Chicago suka kafa ƙungiyar Us TOO, wadda rassanta suka bazu a Amurka da wajenta kafin ta haɗe da ƙungiyar ZERO a 2021.

A Birtaniya ƙungiyar Prostate Cancer UK, wadda aka kafa a 1996, tana da ma'aikatan jinya da ke amsa tambayoyi, tana kuma haɗa sabon mai cutar da wani ɗan sa-kai da ya yi irin jinyarsa su yi magana ta waya.

A Najeriya lamarin bai bunƙasa haka ba, kuma ƙungiyoyin mata masu sankarar mama sun yi wa na maza nisa. Duk da haka akwai wuraren farawa.

Ƙungiyar Project PINK BLUE da ke Abuja tana da shiri na musamman kan sankarar furostet mai suna Men on Blue. Akwai kuma gidauniyar Medicaid ta Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda a 2024 aka zaɓa a matsayin shugaba mai jiran gado ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC.

Hanya mafi kusa ita ce asibitin da mutum ke zuwa. Yana iya roƙon likitansa ko ma'aikacin jinya su haɗa shi da wani tsohon majinyaci da ya amince a yi magana da shi. Sashen walwalar marasa lafiya na manyan asibitoci ma yakan taimaka.

Ina iyakar shawarar ɗan'uwa?

Abin da ya yi wa wani aiki ba lalle ne ya dace da kowa ba. Mai maki 6 da aka ce a sa masa ido zai iya cewa shi bai sha komai ba kuma lafiyarsa ƙalau, wanda ke da maki 9 kuwa idan ya bi sahunsa ya jefa kansa cikin haɗari.

Akwai kuma matsalar magungunan da ake yaɗawa baki da baki. A Amurka wani haɗin ganyayyaki mai suna PC-SPES ya yi farin jini tsakanin masu cutar, har zuwa 2002 lokacin da aka janye shi daga kasuwa bayan an gano an gauraya shi da magungunan asibiti, ciki har da mai tsinka jini.

Darasin ya shafi masu sauraron tallan maganin sanyi da na ƙarfin maza a rediyo da shafukan sada zumunta. Duk maganin da ke ɗauke da testosteron yana iya ciyar da sankarar gaba.

Abokin shawara na gari shi ne wanda ke ba da labarin abin da ya same shi, ya kuma mayar da mai tambaya ga likita. Wanda ke sayar da wani abu, ko yake cewa a daina zuwa asibiti, abin gudu ne.

Iyali da ibada fa?

Likitoci kan ba da shawarar mutum ya tafi ganin likita tare da wani na kusa da shi, domin wanda ke cikin firgici ba ya riƙe duk abin da aka faɗa masa.

Matar aure ita ce za ta fara ganin canji. Idan ba a yi mata bayani ba, tana iya fassara raunin da magani ya kawo da ƙiyayya ko juya baya.

Yoyon fitsari kan sa wasu su ƙaurace wa masallaci don gudun najasa. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani kan mai wannan lalura, kuma mazhabobi sun yi masa sassauci a alwala da salla. Tambayar malami tun da wuri tana hana mutum ware kansa a lokacin da ya fi bukatar jama'a.

Su ma 'yan'uwa suna da haƙƙin sani. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, haɗarin kamuwarsa ya ninka na sauran maza fiye da sau biyu.

A Birtaniya an ƙiyasta cewa namiji ɗaya cikin takwas zai kamu da ita a rayuwarsa, amma a tsakanin baƙar fata ɗaya ne cikin huɗu. Shi ya sa ake shawartar baƙar fata su fara tattauna batun gwajin PSA da likita daga shekara 45.

Wane taimako ake samu wajen kuɗi?

Tsadar magani na daga cikin abubuwan da ke sa mutane su yanke jinya a tsakiya.

A 2021 gwamnatin Najeriya ta fara aiki da wani asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta furostet. An fara ne da asibitoci shida, uku daga ciki a arewa: asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da asibitin koyarwa na tarayya da ke Gwambe, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja.

A Jamhuriyar Nijar kuwa, a 2021 ne aka buɗe cibiyar gashin sankara ta farko a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA.

Sanin yadda ake cike takardun tallafi, da asibitin da na'urarsa ke aiki, da inda baƙo zai sauka tsawon makwannin gashi, bayanai ne da galibi a bakin tsofaffin majinyata ake samun su.

Bukatar irin wannan taimakon juna za ta ƙaru. Wani kwamitin ƙwararru na mujallar kiwon lafiya ta Lancet ya yi hasashe a 2024 cewa yawan masu kamuwa da cutar a shekara zai tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, kuma mafi yawan ƙarin zai kasance ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.