Auna Sahihancin Bayanan Ciwon Daji na Intanet: Nazari daga Fadamar Haɗejiya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ma'aunan da masana ke tantance bayanan lafiya na intanet da su, ta gwada su da yanayin masu jinya a ƙasar Haɗejiya. Ta nuna cewa an gina su ne domin rubutaccen shafi, alhali a nan bayani ta kunne yake shigowa.

Gabatarwa

Ƙiyasin GLOBOCAN na 2022 ya nuna mutum 127,763 sun kamu da ciwon daji a Nijeriya, 79,542 kuma sun rasu. A Haɗejiya, kafin a kai majinyaci Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sau da yawa waya ta riga likita magana: wani ɗan'uwa ya turo saƙon murya ta WhatsApp, ko bidiyon mai magani daga Facebook ko TikTok.

Ma'aunan da Ake da Su

Silberg da abokan aikinsa sun kawo sharuɗɗa huɗu a mujallar JAMA a 1997: sunan marubuci, madogara, bayyana wanda ya ɗauki nauyi, da kwanan wata. A 1999 aka wallafa ma'aunin DISCERN mai tambayoyi 16. Shi kuwa hatimin HONcode na tantance shafukan lafiya an daina bayar da shi a ƙarshen 2022. Buƙatar ma'auni ba ƙarama ba ce, domin Johnson da abokan aikinsa sun nazarci maƙaloli 200 kan ciwon daji da suka fi yawo a kafafen sada zumunta, suka tarar kusan ɗaya cikin uku na ɗauke da bayanin ƙarya.

Tattaunawa

A ɗauki fitsarin jini. Masunta da manoman shinkafa na wuni cikin ruwan da ya kwanta tsakanin ciyawar kachalla, inda katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya take hayayyafa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin mafitsara. Magidancin da ya ga jini a fitsarinsa zai ce tsargiyar yarinta ce ta dawo. Idan saƙon murya ya ce masa jiƙo kaza na wanke mara cikin kwana bakwai, an faɗa masa abin da zuciyarsa ke so, kuma watannin da zai ɓata su ne lokacin da aiki zai iya ceto shi. Wani nazarin Johnson na 2018 ya nuna masu ciwon dajin da suka bar maganin asibiti suka dogara ga wani daban, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi.

Irin wannan saƙo ba shi da marubuci, ba kwanan wata, ba madogara, don haka sharuɗɗan JAMA za su kayar da shi nan take. Sai dai mai sauraro ba da su yake auna magana ba. Yana duba wanda ya turo ne, yayansa ko malaminsa. Haka jita-jita ta yi tasiri a ƙauracewar rigakafin shan-inna ta 2003, darasin da ya shafi rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Jigawa a Oktoban 2023.

Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar ma'auni na baka mai tambayoyi huɗu: Wa ya yi maganar, a wane asibiti yake? Yana sayar da wani abu? Ya yi alƙawarin warkewa ba tare da gwaji ba? Ya hana zuwa asibiti? Ya kamata ma'aikatan lafiya su naɗi waɗannan tambayoyi da muryarsu, da Hausa, su tura su ta hanyar da jita-jitar ke bi, tare da gwada tasirinsu a kan masu jinya a Babban Asibitin Haɗejiya.