1983: Daga Tsibiran Tafkin Chadi Zuwa Garin Shagari

Duk wanda ya tashi ba da labarin shekarar 1983 a nan Shagari, daga wutsiya yake kamo shi: safiyar Asabar, 31 ga Disamba, da aka ji muryar Birgediya Sani Abacha a rediyo yana shelar cewa soja sun karɓe mulki daga hannun Alhaji Shehu Shagari. Ni kuwa a ganina, mai son rubuta tarihin wannan shekara sai ya koma watan Afrilu, ya leƙa wasu tsibirai da akasarinmu ba mu taɓa gani ba.

Farin da aka yi a shekarun 1970 ya sa Tafkin Chadi ya ja baya, tudu ya ɓullo inda da ruwa ne. Masunta, cikinsu har da Hausawa, suka kafa bukkoki a kan waɗannan tsibirai, ba tare da wani ya damu da inda iyaka ta bi ba. A Afrilun 1983 sai sojojin Chadi, zamanin Hissene Habre, suka mamaye wasu daga cikinsu a ɓangaren Jihar Barno. Aikin korarsu ya faɗa kan runduna ta uku da ke Jos, wadda Manjo Janar Muhammadu Buhari ke shugabanta. Ya kore su, ya kuma bi su har cikin ƙasarsu, nesa da inda gwamnatin Legas ta so a tsaya. Shagari, tsohon malamin makaranta, mai Waƙar Nijeriya, mutum ne mai son a zauna a sasanta. Amma talakawa da barikoki janar ɗin suka yaba wa.

Nan ne gizo ke saƙa. Ranar da hafsa ya gane zai iya wuce umarnin shugaban ƙasa ya kwana lafiya, to ya gwada zurfin ruwa.

Sauran abubuwan shekarar sanannu ne. A Janairu an kori baƙin haure, galibinsu 'yan Gana. Ranar 17 ga Afrilu Malam Aminu Kano ya rasu, PRP ta zama marainiya. Kuɗin mai ya ragu, shinkafa da sabulu suka yi wuya. A zaɓen Agusta Shagari ya sami ƙuri'u kusan miliyan 12, Awolowo kusan miliyan 8, amma zargin maguɗi ya sa aka yi ƙone-ƙone a Ondo. An rantsar da shi ran 1 ga Oktoba. Wata uku kacal ya yi.

An tsare shi har 1986, sannan aka dawo da shi garin nan, aka hana shi fita. Da ya rasu ran 28 ga Disamba, 2018, a nan aka binne shi. Shugaban ƙasar da ya ba da umarnin a sassauto da tuta don makokinsa kuwa, shi ne janar ɗin nan na tsibiran Chadi.