Katekisma a Tsakar Gida: Daga Jamus zuwa Ƙauyukan Kano

A shekara ta 1528 Martin Luther ya shiga cikin masu zagaya ikilisiyoyin ƙauyukan Saksoni a ƙasar Jamus. Abin da ya gani ya ɓata masa rai ƙwarai. Ya tarar da manoma masu baftisma, masu cin Jibin Ubangiji, waɗanda ba su san Dokoki Goma ko Addu'ar Ubangiji ba, har waɗansu fastoci ma ba su iya koyarwa ba. Saboda haka a 1529 ya rubuta Ƙaramin Katekisma, ya danƙa shi a hannun maigida domin ya koya wa iyalinsa. Ya sa addu'ar safe, da ta dare, da ta cin abinci a ciki. Shi kansa, ko da yake babban malamin tauhidi ne, ya shaida cewa kullum yana maimaita katekisma kamar yaro.

Wannan gādo ya iso gare mu ta hannun 'yan mishan na Danmak, sa'ad da Dakta Niels Bronnum ya sauka a Numan a 1913. A ƙasar Kano kuwa labarin dabam ne. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana mishan aiki a cikin masarautu. Ƙofa ta ƙara buɗewa wajen 1937, da aka ba mishan ta SIM kula da masu ciwon kuturta, aikin da ya kafu a Yadakunya. Daga baya aka koyar da masu bishara da Hausa a Tofa. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 shi ne littafin karatunsu. Da yawa cikin waɗanda suka gaskata Maguzawa ne, manoman gero da dawa da gyaɗa.

Mu lura da zaman waɗannan 'yan'uwa. A arewacin Kano gona tana manne da gona, gidan Kirista yana kewaye da maƙwabta Musulmi waɗanda 'ya'yansu ke karatun allo safe da yamma. Mai bishara ɗaya yakan riƙe ƙauyuka da dama. Da damina kowa yana gona, da kaka ta wuce samari su tafi cin rani. A irin wannan wuri wa'azin Lahadi kaɗai ba ya riƙe mutum. Abin da yaro ya ji daga bakin ubansa a gandu, da abin da uwarsa ta rera masa tana daka, shi yake tafiya da shi birni.

Nan ne tarihi yake tsauta mana. Sau da yawa mun mai da katekisma jarrabawa: a haddace, a amsa a gaban dattawa, a karɓi baftisma ko tabbatarwa, a ajiye littafin. Amma koyarwarmu ita ce baftisma tuba ce ta kowace rana har mutuwa, Kubawar Shari'a sura 6 kuma ta ɗora nauyin koyarwa a kan iyaye.

Saboda haka, ya ku masu hidima, idan an aike mu ƙauye, kada mu ƙirga 'yan ajin baftisma kawai. Mu tambayi kanmu: gidaje nawa ne maigida ko uwargida za su iya bi da addu'ar dare, su kuma bayyana Doka ta Fari, ran da ba mu nan?