Boris Chirikov da Tarkon da Ke Yoyo

A watan Satumba na 1958, a taron Janiba kan amfani da makamashin nukiliya ta hanyar lumana, Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka yaye lulluɓin sirri daga binciken da kowaccensu ke yi kan haɗe ƙwayoyin zarra, wato hanyar da rana ke samar da zafinta. Da aka baje takardu, sai aka tarar matsalar kowa ɗaya ce. Haɗewar ba ta yiwuwa sai a cikin filasma, iskar gas da zafinta ya kai miliyoyin digiri har ƙwayoyinta suka rabu da ilektoron ɗinsu, kuma babu mazubin da zai jure wannan zafi. Dole a riƙe ta da maganaɗisu. Ita kuwa ba ta riƙuwa.

Ɗaya daga cikin dabarun ita ce ta Gersh Budker: a ƙarfafa maganaɗisu a bakuna biyu na tarko, a sassauta shi a tsakiya, ta yadda ƙwayar da ta doshi baki za ta juyo baya. Tambayar ita ce tsawon lokacin da za ta yi tana wannan kai-komo kafin ta sulale. Budker ya ɗora aikin a kan wani matashi, Boris Chirikov, haifaffen Oryol a 1928, wanda ya kammala karatun fiziks a Jami'ar Mosko a 1952.

Amsar da ya wallafa a 1959 a mujallar Atomnaya Energiya ta faro ne daga abin da duk mai tura lilo ya sani: idan turawa ta dace da lokacin dawowar lilon, ƙaramin ƙarfi ma yakan kai shi nesa. Ƙwayar da ke cikin tarko tana motsi iri biyu a lokaci guda, tana kewaya layin maganaɗisu, tana kuma kai-komo tsakanin bakunan. A wasu wurare motsin biyu sukan dace da juna kamar lilo da mai tura shi, kuma kowane irin wannan wuri yana da faɗinsa. Muddin wuraren suna nesa da juna, ƙwayar takan zauna a nata, tafiyarta bisa tsari. Da zarar sun faɗaɗa har gefunansu suka hau kan juna, sai ta riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan kamar ana jefa mata ƙuri'a, har ta fice. Abin mamakin shi ne babu sa'a ko kaɗan a cikin lissafin. Dokokin motsi ne tsararru suka haifi hargitsi. Ma'aunin ya yi bayanin gwaje-gwajen da Rodionov ya yi da ilektoron a irin wannan tarko, kuma ya riga shahararriyar takardar Edward Lorenz kan yanayi da shekara huɗu.

Masana lissafi ba su yi barci ba. Tun 1954 Andrey Kolmogorov ya nuna cewa ƙaramar girgiza ba ta rusa tsarin motsi baki ɗaya, Arnold da Moser suka kammala hujjar daga baya. Sai dai girgizar da hujjarsu ta lamunta ta yi ƙanƙantar da ba za ta amfani mai ƙera na'ura ba. Ma'aunin Chirikov ba hujja ba ne, kintace ne, kuma yakan kuskure. A kan sauƙaƙƙen lissafin nan da ake kira taswirar Chirikov, kintacen farko ya ce hargitsi zai mamaye idan ƙarfin girgiza ya kai kusan 2.5, alhali John Greene ya nuna a 1979 cewa iyakar tana wajen 0.97. Duk da haka, ga injiniyan da ke son sanin ko na'urarsa za ta yi yoyo, adadin da ya kauce da ninki biyu da rabi ya fi hujja tsarkakakkiya da ba ta ba shi adadin da zai yi aiki da shi.

Chirikov ya bi Budker zuwa Cibiyar Fiziks ta Nukiliya da ke Novosibirsk a Saiberiya, can ya yi sauran rayuwarsa. Nisan wurin da shingen Yaƙin Cacar Baka sun jinkirta sunansa a Yamma, har sai da doguwar maƙalarsa mai fiye da shafi 100 ta fito a mujallar Physics Reports a 1979. A shekarar ne kuma, tare da Casati da Ford da Izrailev, ya gano cewa a duniyar kwantam yaɗuwar hargitsi takan tsaya bayan wani lokaci, saɓanin abin da aka zata.

A 1989 shi da Vecheslavov suka ɗauki dabarun da tarkon filasma ya haifar suka auna tauraruwa mai wutsiya ta Halley, wadda fizgar Jufita ke sauya wa hanya a kowane zagaye. Sun nuna cewa tafiyarta ma hargitsattsiya ce, ba a iya hasashenta zuwa nesa mai tsawo. Ya rasu a Novosibirsk a watan Fabrairu na 2008.