Allurar Mura a Ƙasar Waje da Tsoron da Muka Gada

Da sanyi ya kunno kai a Turai ko Amurka, sai makarantu su fara kiran ɗalibai su zo a yi musu allurar rigakafin mura mai tsanani. A nan ne ɗan Auna ko Kwantagora da ya je karatu yake bugo waya gida: “Baba, in yarda?” Sau da yawa amsar da muke ba shi ita ce ya bari.

Wannan ɗari-ɗarin yana da asali. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, sai kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana na Kano, a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, sai dai wanda maciji ya sara ba ya tsayawa tantance igiya.

A 2003 jita-jita ta bazu cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da shi, jiharmu ta Neja ma ta bi sahu na ɗan lokaci a farkon 2004. Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan cutar ta tsallaka iyaka, daga bisani ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20, har da Yaman da ita Indunusiyar a 2005. Gurguntar yaran wancan lokaci ba mu cika tuna ta ba idan muna ba da labarin Pfizer. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin cutar.

Kuma mu duba damtsen dattawanmu. Tabon lambar nan na agana ne, cutar da aka yi mata gangami daga 1967, aka ga bayanta a Najeriya a 1970. Alhazanmu kuwa duk shekara suna miƙa hannu a yi musu allurar sanƙarau, don Saudiyya ba ta karɓar mahajjaci sai da ita.

Allurar mura ba gwaji ba ce, an yi shekaru fiye da 70 ana amfani da ita. Ana sabunta ta kowace shekara saboda ƙwayar cutar tana rikiɗa, shi ya sa kariyarta ba ta cika ɗari bisa ɗari, amma tana rage kwanciya a asibiti. Abin da iyayen Kano suka ce an hana su a 1996, wato bayani da neman yarda, ɗalibinmu yana da shi: ya tambayi sunan allurar, ya karanta takardarta, ya faɗa wa ma'aikaciyar jinya in yana da asma ko wani magani ya taɓa yi masa illa.